Garin Uban Tracy

Ankul Wilfred ya zalunci yarinya. Ya doke ta a kan gaskiyarta, ya kunyata ta a gaban makaranta, sannan ya sa ta rubuta ƙarya da hannunta sau ɗari. Kuma ba don ƙusar ƙofa ta kama jakar yarinyar ran Juma'a da safe ba, da ya sha da abinsa, babu mai tambayarsa.

Damaris na sunkuye a tsakar gida tana ɗaure bakin buhun riɗin da za ta kai kasuwar Sabon Tasha da ke Kaduna, sai 'yarta Tracy ta fito da sauri za ta wuce makaranta. Ƙusa ta kama jakar, jakar ta yage, littattafai suka watse a ƙasa. Damaris ta ɗauki wanda ya faɗo kusa da ƙafarta za ta kaɗe masa ƙasa, sai ya buɗe a tsakiya. Shafi huɗu cike fal, layi ɗaya ake ta maimaitawa da Turanci, rubutun yana ƙara karkacewa yayin da yake gangarowa. A aji uku na sakandare Damaris ta tsaya, amma wannan bai fi ƙarfinta ba. Abin da aka rubuta shi ne: Wamba tana Jihar Filato.

"Wa ya sa ki wannan?"

Tracy ta sunkuyar da kai tana tsintar fensir.

"Da ke nake. Wa ya sa ki?"

"Ankul Wilfred."

"Ke ba ki san inda Wamba take ba?"

"Na sani, Mama. Ai shi ya jawo."

Da ƙyar maganar ta fito, guntu-guntu. Makon jiya Ankul Wilfred, malamin aji shida kuma mai kula da kwamfutar makaranta, ya ba su aikin gida: kowa ya binciko jiharsa ta asali, garuruwanta, harsunanta, da abin da ake nomawa. Ya rubuta musu adireshin shafin intanet guda ɗaya a allo, ya ce daga nan kaɗai za a ɗauko, wanda ya leƙa wani wuri sifiri ne. Tracy ta ari wayar uwarta ta buɗe Nasarawa, ta tarar da layi uku kacal, babu Wamba a ciki. Ta buɗe Filato, sai ga Wamba zaune tsakanin Pankshin da Shendam. Ita dai ta rubuta abin da ta sani. Ya soke mata da jan biro. Ta ɗaga hannu a aji ta ce shafin ne ya yi kuskure. Bulala shida a tafin hannu. Ran Laraba ya fito da ita gaban asambili ya ce a tafa wa yarinyar da ta fi intanet sani, aka tafa. Tun daga ranar yara ke kiranta Farfesa.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Za ki je ki yi faɗa."

"Ƙwarai kuwa. Saura me kike ɓoyewa?"

Tracy ta zaro wata takarda ninke daga cikin littafin lissafi. Takardar rajista ce ta jarrabawar shiga makarantun kwana na gwamnatin tarayya. Makaranta ke yi wa yaran aji shida rajistar ta intanet, kuma Ankul Wilfred ne ke cikewa. Ga hoton Tracy, ga sunan ubanta. Jihar asali: Filato. Ƙaramar hukuma: Wase. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa ana rufe gyara ranar Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma. Yau ke nan.

Damaris ta zauna a kan buhun. Ita 'yar Zonkwa ce, amma yaro jihar ubansa yake bi, kuma mijinta Gideon mutumin Wamba ne. Can aka kai gawarsa shekara huɗu da suka wuce, can aka binne shi a bayan gidan ubansa. Bai bar wa Tracy fili ba, bai bar mata gida ba. Abin da ya bar mata sunansa ne da garinsa, da maganar da yake yawan yi cewa yarinyar nan makarantar tarayya za ta shiga ko da zai sayar da takalminsa. Bara Damaris ta je Wamba sau biyu ta hanyar Kafanchan, ta durƙusa wa yayyen mijinta, ta yini a benci a sakatariya, kafin ta samo takardar shaidar asali mai hatimi. Kuma ta san yadda ake yi ranar tantancewa: za a ajiye takardar rajista kusa da takardar asali, idan ɗaya ta ce Filato ɗaya ta ce Nasarawa, babu mai sauraron bayani. Za a ce uwa ta yi cogen takarda, a kira na gaba.

Ta shiga ɗaki, ta buɗe akwati, ta ɗaga zanen zumuntar matan coci, ta ciro takardar da ke ƙarƙashinsa cikin leda. Ta leƙa ta kan katanga ta kira maƙwabciyarta.

"Debby, ki taimaka ki wuce mini da riɗin nan. Yau ba na fita kasuwa."

"Lafiya dai, Maman Tracy?"

"An ɗauke wa mijina gari. Zan je in karɓo."

Keke ya sauke su a Kamazou ƙarfe takwas ta gota. Makarantar ta kuɗi ce, mai ita ana ce mata Madam Judith. A jikin katanga, gefen get, an rataye ƙaton kyallen talla mai hoton Ankul Wilfred da laktaye, yana nuna kwamfuta da yatsa yana murmushi. An rubuta cewa ɗaliban makarantar nan a shafinsu na kansu suke bincike, jihohi talatin da shida a tafin hannu. Damaris ta wuce kyallen nan sau ba adadi, har ta taɓa jin daɗinsa.

Mai gadi, Baba Zakariyya'u, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya. Yana zaune a rumfarsa da gilashi a kan hanci da tsohuwar jarida a cinya.

"Maman Tracy, barka da asuba. Yau ke da kanki?"

"Ina kwana, Baba. Madam na nan?"

"Ta shiga gari, sai bayan azahar." Ya dubi Tracy, ya dubi uwar. "Na ga abin ran Laraba. Ban tafa ba."

"Na gode, Baba."

Ankul Wilfred ya aiko a ce mata yana aji, ta jira a fita tara. Ta jira. Ta hana Tracy shiga aji, ta ce ba za ta zauna a gabansa ba sai an gyara. Sha ɗaya saura kwata aka ce ta shiga ɗakin kwamfuta. Kwamfuta uku ce a ɗakin, biyu an lulluɓe su da tsumma. Yana zaune gaban ta ukun, matashi ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, takalminsa na ƙyalli. Bai tashi ba, bai nuna mata kujera ba.

"Madam, ina jin ki. Minti goma gare ni."

Ta ajiye takardar rajista a gabansa, ta ajiye ta asali a gefenta.

"Ankul, an yi kuskure a nan. Yarinyar nan 'yar Nasarawa ce. Ka taimaka ka gyara kafin a rufe."

Ya ɗaga takardar asalin da yatsu biyu, ya juya bayanta, ya sake ta.

"Ba kuskure ba ne, gyara ne. Ni na gyara muku. Kamata ya yi ki gode mini."

"Ga hatimin ƙaramar hukuma kana gani."

"Hatimi? Madam, irin takardun nan ko a bakin titin Sabo za a buga miki cikin minti biyar. Ban ce ke kika yi ba. Ƙila an cuce ki ne."

Damaris ta matso kusa da tebur.

"Can aka binne mijina. Da ƙafata na tsaya a bakin kabarin. Motar da ta kai mu ta wuce allon da aka rubuta barka da zuwa Jihar Nasarawa."

"Allah ya ji ƙansa. Amma mai makoki ba ya karanta allo da kyau." Ya juyo mata da fuskar kwamfutar. "Duba nan. Filato. Ga garuruwa. Ga Wamba. Yanzu ilimi ya wuce an ce, ka ce. Intanet ake dubawa."

"Wa ya rubuta wannan ɗin?"

Ya gyara laktaye. "Ni na tsara shi. Wata uku ina bincike."

"Kai ka rubuta."

"Na gaya miki."

"Kai ka rubuta, kai ka karanta, kai ka ce daidai ne, kai ka doki yarinya. To ina intanet ɗin yake a ciki? Ni kai kaɗai nake gani."

Tracy, da ke tsaye bakin ƙofa da wayar uwarta, ta matso a hankali.

"Ankul, na duba wasu wuraren. Duk Nasarawa suka ce."

Ko kallon wayar bai yi ba. "Waɗancan kowane mahaukaci na iya shiga ya rubuta abin da ya ga dama. Shi ya sa na hana ku. Ke har yanzu ba ki daddara ba ko?"

"Kada ka ƙara yi mata tsawa a gabana," in ji Damaris. "Wase kuma fa? Ko mu mun taɓa zuwa Wase?"

Nan ya ɗan daburce. Ya ja linzamin kwamfuta gaba, ya ja baya.

"Wannan harkar cike fom ce, ba za ki gane ba. Minti goma sun cika."

Ya miƙe, ya kashe kwamfutar, ya jira suka fita, ya kulle ɗakin ya zura makulli a aljihu. Shi kaɗai ya san lambar sirrin da ake shiga rajistar da ita. Malamin da bai sani ba ana iya koya masa. Wannan bai sani ba, ga bulala a hannunsa, ga makulli a aljihunsa.

Suka koma rumfar mai gadi. Rana ta take, kwanon rumfar ya ɗau zafi. Baba Zakariyya'u ya ba su bencinsa ya koma kan bokiti, ya yanka musu mangwaro. Damaris ta kasa ci. Sau uku tana kiran Madam Judith, wayar na ƙara ba a ɗauka. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi.

"'Yata," in ji tsohon, don ya ɗebe wa Tracy kewa, "ni ban taɓa ganin shafin nan da ake ta yi wa talla ba. Buɗe mini Kaduna in ji me aka ce game da mu."

Tracy ta buɗe, ta fara karantawa tana fassara masa. Jihar Kaduna, manyan garuruwanta su ne Zariya, Kafanchan, Funtuwa, Malumfashi.

"Tsaya. Me kika ce?"

"Malumfashi."

Ya cire gilashi. "Ikon Allah. Ashe an mai do mu ban sani ba. Malumfashi ai garina ne. Tun ina da baƙin gashi aka yanke mu aka kai Katsina. Ci gaba."

"Ana noma auduga da gyaɗa a arewacin jihar, kuma layin dogo..."

"Kuma layin dogo shi ne jijiyar da ke ɗauke da amfanin gonarta zuwa teku." Da Turanci ya ƙarasa mata, kalma bayan kalma, idonsa a rufe.

Tracy ta dubi wayar, ta dube shi. "Baba, haka aka rubuta. Ka taɓa karantawa?"

"Sau hamsin. Littafina ne." Ya mayar da gilashin a hankali. "Littafin labarin ƙasa ne, mai koren bango. Na saye shi a Kaduna Janshin lokacin ina karatun yamma. Bara yaron nan ya gan shi a hannuna ya ce in ara masa kwana biyu. Na tambaye shi sau uku, kullum gobe. Lokacin da aka buga littafin nan, Maman Tracy, jihohi sha tara ne a ƙasar nan. Babu Katsina, babu Nasarawa. A cikinsa Wamba tana Filato, gaskiya ne. A lokacin."

Sai yanzu Damaris ta gane. Wata uku yana bincike. Ashe zama ya yi ya kwafe littafin mai gadi ya zuba a intanet, sababbin jihohin da littafin bai san da su ba ya yi musu layi uku-uku ya wuce. Kuma shekara guda iyaye na sayen data suna miƙa wa 'ya'yansu waya, yaran na haddace taswirar da ta mutu tun kafin a haifi malamin.

"Baba, za ka faɗi wannan a gaban Madam?"

Ya sosa gemu. Aikin gadi ne abincinsa, kuma ya san wanda hotonsa ke jikin katanga.

"Ni ba zan kai ƙarar kowa ba," ya ce. "Littafina zan je tambaya. Ai nawa ne."

Biyu da rabi motar Madam Judith ta shigo. Babbar mace ce mai son a ga makarantarta ta fi ta layin gaba. Ta saurari Damaris a ofis tana fifita da fayil, ta aika aka kira Ankul Wilfred, ya maimaita abin da ya faɗa da safe, har da ƙarin Turanci.

"Maman Tracy," in ji Madam Judith, "ki kwantar da hankalinki. Gobe muna da taron iyaye, kuma shafin nan za mu nuna. Kin ga ba lokacin tayar da ƙura ba ne. Ki bari Litinin mu zauna mu duba a tsanake."

"Ƙarfe huɗu ake rufewa, Madam. Yau."

"Ai sukan ƙara lokaci."

"In ba su ƙara ba fa? Ke za ki je ki gaya wa mijina?"

"Haba, 'yar'uwa."

"Ba zan fita ofis ɗin nan ba. Kuma gobe ina cikin taron iyaye, ni ma uwa ce. Da takardun nan biyu zan zo, da littafin da ya sa ta rubutu a ciki. Rabin matan da za su zo zumuntarmu ɗaya."

Fifitar ta tsaya. Daidai nan aka ƙwanƙwasa ƙofa, Baba Zakariyya'u ya leƙo da hularsa a hannu.

"Madam, a gafarce ni. Ankul, dama littafina na zo karɓa. Mai koren bangon nan."

"Baba, ba ka ga muna magana ba?" in ji Ankul Wilfred. "Je ka get."

"Zan koma. Na dai ji an ce yanzu littafin ya shiga intanet, to na ce tunda an gama da shi a ba ni kayana. Har na ji an mai do Malumfashi Kaduna. Ina so in kira gida in yi musu albishir."

Madam Judith ta dubi tsohon, ta dubi malamin. "Wane littafi?"

"Tsohon abu ne, Ma. Na ɗan duba shi ne kawai cikin abubuwan da na duba."

"Yana ina?"

"Ina jin yana gida."

"Yana cikin durowarsa ta ƙasa," in ji Baba Zakariyya'u. "Na hango shi ran da na shiga kashe fanka."

Su biyar suka ɗunguma zuwa ɗakin kwamfuta. Ankul Wilfred ya buɗe ƙofa. Littafin na nan inda aka ce, bangonsa ya koɗe, sunan Zakariyya'u da tawada a shafin farko. Madam Judith ta buɗe taswirar tsakiya ta ƙirga jihohin da farce. Sha tara. Ta karɓi wayar daga hannun Tracy, ta ajiye ta gefen babin Filato, ta bi layi biyu a nan, layi biyu a can. Ko waƙafi bai canja ba.

"Kunna kwamfutar," ta ce. "Shiga rajistar."

Uku da kwata. Babu wuta. Baba Zakariyya'u ya fita ya ja janareta, sau huɗu kafin ta tashi. Shafin rajista ya tsaya yana juyi, don duk makarantun da suka makara a ranar suke rububi. Damaris na tsaye bayan kujerar, idonta kan agogon bango. Uku da rabi saura biyu ya buɗe.

"Kafin ka taɓa komai," in ji Madam Judith, "danna Filato, ka nuna mini jerin ƙananan hukumominta."

Ya danna. Jerin ya sauko. Ta karanta daga sama har ƙasa.

"Ina Wamba?"

Ya ci gaba da kallon kwamfutar.

"Wilfred, ina Wamba?"

"Babu, Ma."

"Ran da ka cike wa yarinyar nan, akwai?"

"Babu."

"Sai ka yi yaya?"

"Na ɗauka su ne suka manta ba su sa ba. Sai na zaɓi wadda ta fi kusa."

"Kusa da ina?" in ji Damaris.

"A jerin."

Wannan shi ne laifin da ya fi bulalar muni. Da a ce rashin sani ne kawai, da an ce ɗan'adam ne. Amma ya gani da idonsa. Rajistar gwamnati ta nuna masa ƙarara cewa yarinyar ce mai gaskiya, kwana ɗaya bayan ya sa an yi mata tafin ba'a. Yana iya kiranta gefe ya ce ki yi haƙuri. Maimakon haka ya ɗauki marainiya ya jefa ta garin da ba ta da kowa, don kada a ce shafinsa ya yi kuskure, ya buga takarda ya miƙa mata, ya tafi gida ya ci tuwo.

"Danna Nasarawa," in ji Madam Judith.

Ya danna. Wamba na can ƙasan jerin. Ya zaɓa, ya tura. Abin ya yi ta juyi. Tracy ta kama gefen zanen uwarta. Huɗu saura ashirin firinta ta yi kuka ta turo takarda da ɗuminta.

Damaris ba ta yarda da idon kowa ba. Ta shimfiɗa sabuwar takardar kusa da ta asali, ta bi su da yatsa harafi bayan harafi, sunan yarinya, sunan uba, jiha, ƙaramar hukuma. Sannan ta miƙa wa Tracy.

"Karanta da ƙarfi."

"Nasarawa. Wamba."

"Ankul bai ji ba."

"Nasarawa. Wamba."

Tana cusa takardun a leda sai wani abu ya faɗo mata. "Madam, yara nawa ya cike wa?"

Madam Judith ta dafe kai. Ashirin da shida ne. Ta ja kujera ta zauna kusa da Ankul Wilfred, suka shiga buɗewa ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe da fom ɗin da iyaye suka cike da hannu. A na sha tara suka samu wata Ruth, 'yar Idah ta Jihar Kogi, ya mai da ita Binuwai, don haka littafin ya ce. Iyayen Ruth ba su ma lura ba. Huɗu saura minti uku aka gyara nata.

Da aka kashe janareta, Baba Zakariyya'u ya ɗauki littafinsa ya goge bangon da hannun riga, ya saƙale a hammata ya fita. Madam Judith ta kamo hannun Damaris ta ja ta gefe, muryarta ta yi laushi.

"'Yar'uwa, an gyara, mun gode wa Ubangiji. Don Allah maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Zan yi masa faɗa da kaina. Kin san sunan makaranta."

"Ita ma tana da suna," in ji Damaris. "Sunanta Tracy, yanzu Farfesa ake kiranta. A ɗaki aka doke ta, na ji. Amma tafin a fili aka yi shi."

Ta ciro littafin rubutun daga yagaggiyar jakar, ta buɗe tsakiya, ta yage shafuka huɗun nan a hankali don kada ta ɓata sauran, ta jera su a kan tebur gaban Ankul Wilfred.

"Ga kayanka. Ba za su kwana a gidana ba."

Bai ɗago kai ba. Ta kama hannun 'yarta suka fita. A bakin get ta saya mata ruwan leda mai sanyi, suka tsaya jiran keke a ƙarƙashin hotonsa yana ta murmushi.

"Mama, da gaske za ki faɗa a taron gobe?"

"In an tambaye ni."

"In ba a tambaye ki ba fa?"

"Zan ɗaga hannu. Ai ke kika koya mini."

Ba ta kai ga ɗagawa ba. Madam Judith ta kwana da lissafin matan zumunta a ranta, ta ga gara ta faɗa da bakinta. A taron ba a nuna shafin ba. An gaya wa iyaye su hana yara buɗe shi, kuma duk aikin gidan da aka yi da shi za a sake. Kafin a watse an sauke kyallen talla daga katanga, Baba Zakariyya'u ya roƙa aka ba shi, ya rufe inda rumfarsa ke yoyo da shi.

Ran Litinin aka fito da allo gaban asambili, daidai inda aka tsayar da Tracy. Ankul Wilfred ya rubuta Wamba tana Jihar Nasarawa, in allon ya cika ya goge ya sake, yara na ƙirgawa. Babu wanda ya tafa. Da ya cika ɗari Madam Judith ta karɓi allin da makullin ɗakin kwamfuta, ta miƙa masa takardar kora.